Wa Ya Shanye Min Sabis Ranar Juma'a?

Shafi na 6

Salamu alaikum mutanen wanga zaure. Masu turo min "Inna ci gaba, Inna mun gaji da jira", na ji ku. Saratu maƙwabciyata ta karanta min duka, har da wadda ta ce wai ko data ce ta ƙare min. Data ba ta ƙare ba, 'yar nan. Sabis ma ya gyaru fes. Ni ce ban gyaru ba.

Saratu, rubuta yadda na faɗa. Kar ki gyara min magana irin ta makaranta.

Don waɗanda sunka shigo yau: autana Sufyanu soja ne, yana can gabas. Kafin ya koma bara ya sayo min ɗan farin akwati wurin Basiru mai shagon waya a kasuwar Yelwa. Rauta suke ce mata. Ya sa mata sim, ya nuna min inda zan danna a waya, ya ce, "Inna, kowace Juma'a ƙarfe uku zan kira ki, ki gan ni in gan ki."

Wata takwas bai saɓa ba. Ina ganinshi tar, har tabon goshinshi inda ƙugiya ta kama shi yana ƙarami.

Sai Juma'a ukun da sunka wuce. Waya ta yi ƙara, in danna kore, hoto ya farfashe kamar madubin da ya faɗi ƙasa. Wani ɗan zobe ya yi ta juyi a tsakiya. Murya ta fito guntu-guntu: "In... na... lafi... lau." Shi ke nan.

Juma'a uku ban ga fuskar ɗana ba. Na rantse gaban mai gidana Malam, in ta huɗu ta wuce haka, Asabar ina tasha. In bi mota har inda yake, ko sojojin su kore ni da bindiga.

To ga yadda ta huɗun ta kasance.

Hantsi bai gama ɗagawa ba na rufe bandar kifina, na yafa mayafi, sai kasuwa.

"Basiru!"

Ya ɗago. Wayar wani na gabanshi a buɗe kamar kifin da anka feɗe.

"A'a, Inna! Ina kwana? Ya hayaƙi?"

"Riƙe gaisuwarka. Kai ka sayar ma ɗana mataccen abu?"

"Wane abu, Inna?"

"Ɗan akwatin! Kana tambayata kamar guda ɗari ka sayar mishi."

"Rautar? Ai sabuwa ce dal, a kwalinta na ba shi."

"To ta tsufa. Mako uku ban ga yaro ba."

"Ko data ce ta ƙare?"

"Kai ma? Shi yake zuba mata daga can duk wata. Saratu ta duba, tana nan maƙil."

"Kin kashe kin kunna?"

"Na kashe na kunna, na kashe na kunna, har maɓallin ya gaji da ni."

Mutanen da ke jira a benci sunka fara dariya ƙasa-ƙasa. Ban ko kalle su ba.

"To Inna, kawo ta in duba."

"Tana gida."

"Ya zan duba abin da ke gida?"

"Da ƙafarka."

"Haba Inna, yau fa Juma'a. Ga mutane na jira."

Na juya ga na farkon benci, wani dogo mai hular sanyi a wanga zafi.

"Kai, uwarka ta gan ka yau?"

"Ta gan ni, Inna."

"Kai fa?"

"Ita ta dama min koko."

"To ku jira."

Na koma ga Basiru. Na ce in bai tashi ba, daga nan sai rumfar sarkin kasuwa. In zauna in kwance mishi labari tun daga ranar da uwar Basiru ke zuwa sarin kifi wurina da shi a goye, yana tsotsar kan tarwaɗa, har zuwa yau da ya girma yana sayar ma tsofaffi kwalin banza.

Ya ajiye ɗan ƙarfenshi. Ya ce ma abokin shagonshi ya kula. Ya tada babur.

Muna shiga tsakar gida ya hau waige-waige, sama da ƙasa.

"Ina take?"

"Ɗaki."

Munka shiga. Ya dubi kan kabad, ya dubi taga.

"Ina?"

Na durƙusa, gwiwa na ƙara, na jawo babbar kwallata daga ƙarƙashin gadon ƙarfe. Irin ta da, mai nauyi, wadda na zo da ita gidan aure. Na ɗaga murfi. Ga ta nan a ciki, na naɗe ta da tsohon ɗankwali, igiyar wuta ta biyo ta gefen murfin.

Basiru ya tsaya. Ya dube ni. Ya dubi kwalla. Ya cije leɓe.

"Dariya kake?"

"A'a wallahi."

"Na ga haƙoranka."

"Inna, taɓa ta ki ji."

Na taɓa. Zafi kamar tukunyar da anka sauke yanzu.

"Abin nan iska yake so. Kuma sabis ba ya ratsa ƙarfe. Kin sa ta a kwallar ƙarfe, kin rufe da murfin ƙarfe, kin tura ƙarƙashin gadon ƙarfe, a ƙasa, a lungu. Ko mutum kika sa haka ba za a ji muryarshi ba."

"Tsawa fa?"

"Wace tsawa?"

"Damina ce. Ba ka ga hadarin da ke tasowa daga gulbi ba? An ce abin nan na jawo tsawa. In ba a rufe shi ba, ranar da ta faɗo har ni za ta haɗa."

"Wa ya faɗa miki?"

"Malam."

"Baba Lawali?"

"Ina da wani Malam ɗin?"

Sai ya kau da kai, ya haɗiye wata magana. Na lura, amma ban kawo komi a raina ba. Na ɗauka kunyar ƙaryata babba yake ji.

Ya zare igiyar, ya kwance ɗankwalin, ya bar ta ta sha iska. Ya ce in ƙirga talatin. Na ƙirga mishi hamsin don kar ya samu abin faɗa. Ya ɗora ta can saman kabad dab da taga, ya miƙar da 'yan ƙahonninta biyu, ya mayar da wuta.

"Kin ga wanga fitila? Da ja take, ko?"

"Ja wur. Na ɗauka adonta ne."

"Ja na nufin tana wahala. Dubi yanzu."

Ta koma koriya. 'Yan sanduna huɗu sunka jeru a gefenta.

Ya haɗa wayarshi, ya buɗe wani abu mai allura kamar na gaban mota. Allurar ta zabura ta yi sama.

"Kin gani? Gudu take."

Ya karɓi tawa wayar ya kira min ɗiyata Mufida da ke aure a Kontagora. Sai ga ta tar, tana tsinke zogale, har ƙudan da ke kan tiren na gani. Munka gaisa, ya kashe.

"To Alhamdu lillahi. Ba laifin rauta ba ne, Inna. Ni zan koma."

Ya laluba aljihu. Ya sake lalubawa.

"Makullin babur ɗina..."

"Yana haɓar zanena."

"Inna!"

"Zauna ka ji. Ko tana cikin kwalla, in na kira Mufida ranar Talata tana ɗan fitowa. Dishi-dishi, amma ina gane hancinta. Ranar Laraba ma haka. Juma'a ƙarfe uku ne abin ke mutuwa murus. Kwalla ta san Juma'a ne?"

Ya miƙo hannu a ba shi makullinshi.

"Ba ka da amsa. To tafi masallaci da ƙafa, ga shi nan kusa. In an sauko ka dawo. Sai na ga tabon goshin ɗana za ka ga makullinka."

"In na kai ƙara fa?"

"Kai. Ni ma ina da tawa."

Ya fita yana magana shi kaɗai.

Yanzu bari in gaya muku wani abu, don ku gane irin wautar da anka sa ni.

Tun da can Malam na da al'ada. In an sauko Juma'a, abokanshi tsofaffin masunta su uku ko huɗu su biyo shi, su zauna gindin dalbejiyar ƙofar gida, in fitar musu da shinkafa da miyar kifi. Shekara da shekaru haka. Kwano ɗaya ke isarsu.

Mako uku da sunka wuce Malam ya ce in ƙara awo.

Na ce don mi?

Ya ce sadaka, don Allah ya tsare mana Sufyanu.

Wa zai ƙi wannan? Na ƙara. Mako na biyu ya ce in sake ƙarawa. Na ƙara, har da manyan kifin ragon ruwa guda biyu da na ware ma masu sari. 'Yan acaɓa, matuƙa jirgi, masu ɗaukar kaya a bakin gulbi, duk sunka gano ƙofarmu. Ina jin hayaniyarsu ta bayan ɗakina ina murna, ina cewa ga lada na shiga.

Ban taɓa tambayar kaina ba, mi ya sa anka ɗauke benci daga inuwar dalbejiya anka jingina shi da bangon ɗakina, cikin rana tsaka.

Ƙarfe biyu da rabi Basiru ya dawo, gumi har wuya. Na riga na fitar da abinci, ƙofar gida ta cika. Na shimfiɗa mishi tabarma a tsakar gida, na aje mishi nashi kwanon.

"Ci, ba don halinka ba."

Ya yi loma biyu, ya ciro waya.

"Bari in nuna miki, don hankalinki ya kwanta."

Ya buɗe mai allurar nan. Allura ta ɗan motsa, ta yi rawa, ta kwanta.

Ya sake. Ta kwanta.

Ya leƙa ɗaki. Fitila koriya, sanduna huɗu na nan.

"Ikon Allah."

"Ka gani? Kwalla ce yanzu ma?"

Ya ture kwanon. Ya ɗauko rautar ya karanta wani abu a gindinta, ya mayar, ya yi ta danne-danne. Fuskarshi ta canza.

"Inna, waya nawa gare ku a gidan nan?"

"Tawa. Sai ta Malam, mai tocila, ko hoto ba ta yi."

"To waya ashirin da shida ke kan rautarki yanzu haka. Har da tawa da taki."

"Ashirin da mi?"

"Da shida. Ga ta bakwai ta shigo."

"Ta ina sunka shigo? Ƙofar ɗakina a rufe take!"

"Ba ta ƙofa ake shiga ba. Lambar sirri ce. Duk wanda ke da ita, in yana kusa, zai sha. Kamar randa ɗaya ce, Inna. In ke kaɗai ce, ki sha ki yi wanka. In mutum ashirin sunka zuba moɗa lokaci ɗaya, ke da kika zo ƙarshe sai laka."

"Su wa ye?"

"Wasu sun sa suna a wayarsu. Ga Mamuda Mai Jirgi. Ga Mati Ba Wasa. Ga wani wai Sarkin Gudu."

Mamuda. Yaron da na yi ma uwarshi wankan jego. Yanzu ga shi da gemu da 'ya'ya biyar, yana shan sabis ɗin ɗana da miyata a baki.

Ban san sanda na ɗauki muciya ba.

Shekara arba'in da ɗaya ina gidan nan ban taɓa leƙa majalisar maza ba. Ran nan na leƙa.

Ga su nan jere a bangon ɗakina, wasu a benci, wasu a tsugune, rana na dukansu. Hannun dama cikin kwano, hannun hagu riƙe da waya. Wannan na kallon dambe. Wancan ƙwallo. Wani ya kunna wa'azi ya aje wayar a ƙasa, ko saurare ba ya yi. Malam na can ƙarshen benci da tazbaha, bai ci komi ba.

"Mamuda!"

Ya zabura, shinkafa ta zubo mishi a riga.

"Na'am Inna! Sannu da aiki, miya ta yi..."

"Miya ta ci gidanku. Mi kake kallo?"

"Dambe ne, Inna."

"Da sabis ɗin wa?"

Wayoyi sunka fara komawa aljihu ɗaya bayan ɗaya.

"Ku fito da su! Ɓarayin zaune! Na ciyar da ku da hannuna, ku kuma ku shiga tsakanina da ɗana? Mako uku ina kuka a tsakar gida, bango ɗaya tsakaninmu, kuna nan kuna kallon ƙattai na naushin juna!"

"Wallahi Inna ba sata muka yi ba."

"Kyauta ce? Wa ya ba ku?"

Mamuda ya dubi ƙasa. Mati ya dubi sama. Wani ya ɗauki takalminshi a hannu ya zame ta bayan dalbejiya.

"Mamuda, ni na fara yi maka wanka a duniya. Ka dube ni ka faɗa min."

"Baba ne."

"Wane Baba?"

"Baba Lawali. Shi ya kawo takardar da lambar ke ciki, ya ce kowa ya kwafa."

Na dubi Malam. Tazbaha ta tsaya a hannunshi.

"Don ya burge ku? Don a ce gidanshi akwai sabis?"

"A'a, Inna." Muryar Mamuda ta yi ƙasa. "Cewa ya yi sharaɗin cin abincin ke nan. Daga uku saura kwata kowa ya kunna bidiyo, kar wanda ya kashe sai uku da rabi. Wanda ba ya son kallo ya kunna ya aje. Mun tambaye shi dalili, ya ce mu ci abinci mu yi shiru."

Muciyar ta yi min nauyi a hannu.

Uku saura kwata zuwa uku da rabi.

Na juya na shige zaure. Basiru na tsaye a nan, ya ji komi. Ya kasa haɗa ido da ni.

"Kai kuma mi ke bakinka? Tun ɗazu na ga kana haɗiye magana."

"Inna, ban san abin da zai yi da ita ba, wallahi."

"Faɗi."

"Mako uku da sunka wuce, ranar Laraba, Baba ya zo shagona. Ya zauna, ya ce, Basiru, abin nan da yaro ya saya, mi ke sa shi ya yi sanyi? Na ɗauka so yake ya kiyaye. Na ce Baba abu uku ne. Kar a sa ta cikin ƙarfe. Kar a aje ta a ƙasa ko a lungu. Kar a ba mutane da yawa lambar. Ya ce in sake faɗa. Na sake. Ya ƙirga da yatsunshi, ya yi min godiya, har goro ya ba ni."

"Sai ya zo ya yi duka ukun."

"Ɗaya bayan ɗaya, Inna."

Ku da ke karantawa, ku gaya min. Mutumin da ko rediyo sai na kamo mishi tasha. Mutumin da ya zauna kusa da ni Juma'ar farko yana cewa, "Yi haƙuri Dije, sabis na Allah ne." Ya ga ina share hawaye da bakin mayafi. Ya ga na bar cin tuwo. Ashe shi ya je har kasuwa ya koyo yadda za a rufe min ido.

"Ƙarfe nawa?"

"Uku saura minti bakwai."

"Za ka iya korarsu?"

"In na canza lambar, duk za su faɗo."

"Canza."

"Wace za a sa?"

"Wadda ko kai ba za ka tuna ba. Ka sa a wayata kaɗai."

Ya duƙufa. Sai ga inuwa a bakin zaure. Malam ne, ya shigo yana jan ƙafa.

"Basiru, dakata."

"Kar ka dakata."

"Basiru, ni ne fa babba a gidan nan."

"Makullin babur ɗinka na wurina."

Basiru ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "Baba, ka yi haƙuri," ya ci gaba da dannawa.

Daga waje na ji an fara, "Kai, ta ɗauke!" "Ni ma ta fita!" Ko a jikina.

Na wuce tsakar gida, Malam ya biyo ni. Na tsaya gaban bandata, na juyo.

"Mi na yi maka?"

"Dije..."

"Mi na yi maka, Malam? Kishin yaron kake don ni yake kira ba kai ba? To ba kai ka ce ba ka iya riƙe wayar ba?"

"Ba haka ba ne."

"Ka sa ni dafa ragon ruwa ina ciyar da masu toshe min ido! Ka ce min sadaka!"

"Sadakar gaskiya ce. Wallahi da niyya biyu na yi."

"Ka ce min tsawa!"

"Wannan kam ƙarya na yi. Allah ya yafe min."

"Allah ya yafe maka, ni ban yafe ba tukuna. Na je na ci mutuncin ɗan mutane a kasuwa gaban jama'a, ashe ɓarawon na kan tabarmata."

"Zauna, Dije."

"Ba ni zama."

"Kin sha maganinki yau?"

"Ina ruwan maganina da wanga magana?"

"Na hawan jinin. Kin sha?"

Sai na dube shi da kyau. Rabon da in dube shi haka an jima. Mutumin ya rame. Wuyan rigarshi ya yi mishi yawa. Idonshi ja, ba na hayaƙi ba. Ashe ba ni kaɗai ke barin tuwo a kwano ba, ina ta fushina ban lura ba.

Na matsa kusa da shi.

"Malam. Mi ya samu yarona?"

"Yana da rai."

"Ban tambaye ka ko yana da rai ba."

"Na rantse da wanda raina ke hannunshi, yana da rai, yana ci yana sha. Ai kina jin muryarshi."

"Guntu-guntu! Kai ka mayar da ita guntu-guntu!"

"Likita ya ce miki wancan karon, in jininki ya sake hawa kamar na rasuwar yayanki, ba lalle ki tashi ba. Kina so in rasa ku biyu... kina so in rasa ki?"

"Ku biyu? Ka ce ku biyu!"

"Bakina ne ya kuɓuce."

"Wa ya faɗa maka? Yaushe?"

"Abokin aikinshi ya kira ni a 'yar wayata, ranar wata Talata. Daga baya shi ma ya kira. Ya ce, Baba, in ban kira Inna ba za ta gane. In na kira na ƙi buɗe hoto za ta gane. In na ce sabis ɗinmu ne, ta san ƙarya ne, wata takwas tana ganina. Na ce kai dai kira yadda ka saba, ka bar min sauran. Mako kaɗan muke nema, Dije. Ya ɗan murmure, ya iya zama da kyau, sannan..."

"Ya iya zama?"

Ya rufe bakinshi da hannu.

Basiru ya matso a hankali, ya miƙo min wayata da hannu biyu kamar mai miƙa wuta.

"An gama, Inna. Ke kaɗai ce a kai."

Na kwance haɓar zane na jefa mishi makullinshi. Bai tafi ba. Ya tsaya bakin zaure, kanshi a ƙasa.

Wayar ta yi ƙara a tafin hannuna.

Ƙarfe uku daidai. Ga ɗan hotonshi na da, da kakinshi, yana dariya.

Malam ya kama min hannu. Shekara arba'in da ɗaya bai taɓa kama min hannu gaban baƙo ba.

"Dije, don girman Allah. Bari ta katse. Ki zauna, ki sha magani, in faɗa miki da bakina, sannan ki kira shi."

"Mako uku gare ka ka faɗa min da bakinka."

Na fizge. Na danna kore.

Babu zobe. Babu farfashewa. Hoto ya buɗe tar, kamar na leƙa ta taga.

Ga tabon goshin. Ga idon ubanshi. Amma kumatun sun zube. Ba kaki a jikinshi, wata riga ce shuɗiya mai igiya a wuya. Bayanshi ba buhunan yashin da na saba gani ba, farin bango ne, da ƙarfe a tsaye an rataya ledar ruwa. Kwance yake, an tokare shi da matashi. Bargo ya rufe shi daga ƙugu zuwa ƙasa.

Bai ko kalli wayar sosai ba. Ya saba ba a ganinshi. Ya ɗaga murya yana jan magana, irin ta wanda ya haddace.

"Inna! Lafiya lau nake! Muna nan wurin aiki, sabis ɗinku ne ba..."

Ya tsaya.

Ya matso da fuskarshi. Ya ga ni. Ya ga ubanshi a bayana da hannu a ka.

"Inna... kina ganina?"

"Ina ganinka, Sufyanu."

Na matso da wayar dab da idona. A ƙarƙashin bargon nan, gefe ɗaya ya yi tudu har ƙarshen gado. Ɗaya gefen, daga gwiwa, a shafe yake.

"Janye bargon nan in gani."